Tsaya Nan, Zan Aiko

Zahir, Makka
Safar, 1435

Zuwa ga Yaya Ja'afaru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyali da duk wanda ya san mu a Damagaram. Yaya ƙafar nan taka? Tun shekarar da ka zo hajji, da Baba ya riƙo hannunka cikin cunkoson Muzdalifa kana ɗingishi kana neman motarku, ban sake jin labarinta ba. Mu nan alhamdu lillahi. Ina nan ina kasa tazbaha da turare kamar da, sai dai bayana ya soma gaya mini shekaruna.

Kada ka yi mamakin takarda a zamanin waya. Bangon gidan nan kamar faifai yake, kuma ɗana Fahad, duk da Hausarsa ba ta kai ta kawo ba, abin da ba a so ya ji shi yake fara ji. Ka yi haƙuri da ajamina, iyakar abin da mahaifiyata ta koya mini ke nan. Alhaji Lurwanu mai turare zai kawo maka in ya gama umra.

Maganar Baba ce. Ka ji an rushe mana gida a Nakkasa, gidan da ya ɗora da hannunsa a jikin dutse. Mun dawo wata shaƙƙa, sashen wani bene a Zahir, hawa na biyu, da ɗan makzan inda muke jibge tarkace. Tun da muka tare Baba ya zama wani. Mantuwa dai ta tsufa ce, ga mutumin da ya haura casa'in ba a cewa komai. Amma wannan ba mantuwa ba ce, Yaya, tunawa ce ta yi masa yawa.

Da an idar da azahar sai ya miƙe. Tsohon da sai an kama shi ake kai shi banɗaki, ya tashi da ƙafarsa, ya ɗauki wata tsohuwar lemar alhazai ya saɓa a kafaɗa, ya je ƙofar makzan ya tsaya, duga-dugai a haɗe, baya a miƙe kamar taɓarya. Haka zai tsaya har rana ta kusa faɗuwa. Yana tsaye yana rawar ɗari, yana hura iska a tafin hannu. Ɗari a Makka, mu muna kunna fanka. Duk wanda ya gifta sai ya tambaye shi, “Mai Tari ya aiko?” Wani lokaci kuma ya kira wani suna na Nasara, ya haɗa da Faransancin da tun da aka haife ni ban taɓa ji a bakinsa ba.

Mun san ya yi soja, saboda tabon nan na gefen goshinsa, amma bai taɓa zaunar da mu ya ba mu labari ba. Abin da muka sani shi ne ya taho ta Chadi da Sudan a ƙafa, ya yi shekara da shekaru yana ɗaukar gajiyayyu a ka ana ɗawafi da su, kuma kabbarar farko ba ta wuce shi. Yau wannan mutumin ne ake kiran la'asar yana ji, ko motsi ba ya yi. In na ce masa salla, sai ya dube ni kamar na ce ya yi sata.

Abin da ya hana ni sukuni ya faru watan jiya. Zazzaɓi ya kwantar da shi har muka fid da rai. Na durƙusa a kansa ina laƙƙana masa kalmar shahada. Sai ya ɗago hannu ya rufe mini baki, ya karkata kunne wajen ƙofa, ya ce in yi shiru yana jin tari. Allah ya tashi kafaɗunsa. Amma da ya cika a ranar fa? Shekara sittin yana maƙwabtaka da Ɗakin Allah, a ce maganarsa ta ƙarshe sunan wani Bafaranshe ce? Tsoro nake ji, wallahi tsoro nake ji.

An yi ruƙiyya, an kai shi mustashfa, likita ya ba da ƙwaya, ba abin da ya sake. Kai ne ka karantar da tarihi a lakkol har ka yi ritaya. Wane ne wannan Mai Tari, kuma me ya ba Baba ya ci? Alfarma ɗaya nake roƙo: kada ka rubuta mini sunansa. Jin sa a bakin Baba ya ishe ni, ba sai na ajiye shi cikin gidana ba.

Ƙanwarka,
Maryama Mukhtaru

Damagaram
Janairu, 2014

Hajiya Maryama, mutuniyar Makka,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarki ta iso, na kuwa sha fama da ajaminki da tabarau a ido, kamar mai tsince tsakuwa cikin gero. Ƙafa tana nan da halinta, da sanyi ya shigo take tunawa da ni. Iyali na gaishe ki. Gwaggona Inna Zainabu tana nan ita ma, ido ya tafi amma hankali garau. Ki yi wa Baba Mukhtaru sannu da jiki.

Kin yi tambaya inda ya dace. Mai Tari ai ba baƙo ba ne a garin nan, tsofaffinmu ne ma suka laƙaba masa sunan. Tunda kin hana, ba zan rubuta na yankansa ba.

Ba ɗan kowa ba ne, ubansa mai niƙan alkama ne a wani ƙauyen Faransa. Da ƙoƙarin kansa ya shiga makarantar hafsoshi. Yaƙin duniya na farko ya same shi yana ƙaramin hafsa, cikin ramukan nan da suke haƙawa su zauna wata da watanni a taɓo. Can aka sako musu iskar guba ta ƙone masa huhu. Ya tashi, amma da tarin da bai rabu da shi ba har kabari. Likitoci suka ce busasshiyar iska ce maganinsa, shi ya sa ya nemi a turo shi ƙasarmu. Ya daɗe yana kaftin na sojan raƙuma tsakanin nan da arewa, ya koyi Hausa har yana jefa karin magana. Tsofaffi sun ce kafin ka hango hularsa ka ji tarinsa, gajere, busasshe, kamar ana kankare ƙwarya.

Da yaƙi na biyu ya zo, ƙasarsu ta faɗi hannun Jamus, shi ya ƙi ajiye makami. Ya tara runduna, yawancinta namu ne da Larabawan Magrib, ya haye teku da su. Abin da ya fito da sunansa duniya shi ne wata mashiga a tsakanin duwatsu, wadda kowa ya ce ba ta ratsuwa cikin dusar ƙanƙara. Ya ratsa ta, ya sauko wa Jamus ta baya. Na karantar da wannan darasin har ba na bukatar littafi. Bayan yaƙi ya riƙe manyan muƙamai, da ya tsufa suka ba shi sandar Marshal, shuɗiya mai taurarin zinariya, wadda babu wani girma a samanta ga sojansu. Ranar da ya mutu an harba igwa, an sa wa tituna sunansa. Masu tarihinsa sun haɗu kan cewa yana cin abin da sojansa ke ci, yana riƙe sunayensu, kuma bai taɓa yi wa soja alkawari ya saɓa ba.

Don haka ki kwantar da hankalinki, ƙanwata. Ba aljani ba ne, ba sammu ba ne. Tsohon soja ne yake kewar ubangidansa, kuma ba kowa ne ya yi aiki a ƙarƙashin irin wannan mutum ba. Ni da ubana ne, tinƙaho zan yi. Ku matan Makka kun cika sa wa kanku damuwa.

Ga hotonsa nan na yanko daga wata tsohuwar mujalla. Ki nuna wa Baba. Ai ganin ido shi ke kashe marmari, in ya gan shi zuciyarsa za ta yi sanyi ya koma ga sallarsa.

Yayanki,
Mushe (Malam) Ja'afaru

Zahir, Makka
Rajab, 1435

Yaya Ja'afaru,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Mu jikin da sauƙi, ban da Baba.

Na jinkirta amsa don kada in rubuta abin da zai ɓata zumunci. Na ce maka gobara ta kama gidana, ka aiko mini da kirarin wuta. Tinƙaho? Da me? Sandarsa da taurarinta za su amsa wa Baba tambayar kabari ne?

Amma da yake na ga babba ne ya faɗa, na nuna masa hoton. Yana tsaye a ƙofar makzan na ɗaga shi gaban idonsa. Ya daɗe yana kallo. Sai ya ɗora hannu a goshi ya sara, ya ce da Hausa tsantsa, da wata murya ta saurayi da ban san shi da ita ba: “Ranka ya daɗe, ina nan. Ba ni na matsa ba. Su suka ɗauke ni.” Hawaye na bin gemunsa, bai sauke hannun ba sai da na ɓoye hoton a bayana.

Tun ranar abin ya ninka. Da can sai bayan azahar, yanzu tun hantsi yake tsayuwa. Ƙafafunsa sun kumbura sun yi suntum. Ya faɗi ya fasa leɓe, ya rarrafa ya kama ƙofar ya sake miƙewa. Fahad ya sayo kwaɗo ya ce halas, magana ta ƙare, a riƙa kulle shi a ɗaki. Mun gwada yini ɗaya. Irin kukan da ya yi yana dukan ƙofa, na ce ko zai mutu a tsaye ba zan sake kulle ubana ba. Hoton kuwa na ƙone shi, ka yi haƙuri da mujallarka.

Ga wani sabon abu. Wata kyanwa ta shigo daga matakala ta nufi makzan. Baba ya yi kanta da lemar nan yana cewa karnuka ne, za su ci Hadi. Na ce bari in buɗe masa ya ga ba komai a ciki sai tsofaffin tabarmi da akwatunan da muka kwaso daga Nakkasa. Ina kai hannu ya cafke ni, riƙon da har yau da shatinsa. Ya ce kada in buɗe su, ba a yi musu wanka ba tukuna.

Zan gaya maka abin da ban gaya wa kowa ba. Da ya riƙe ni a wurin, na ji sanyi yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofar yana taɓa mini yatsun ƙafa. Makzan ɗin ko taga ba shi da ita, tanderu ne. Shekaranjiya kuma da tsakar rana, gari ya yi tsit, na ji tari a matakala, gajere, busasshe. Na ce maƙwabcinmu ne Bangali, dama yana fama da ƙirji. Da yamma matarsa ke gaya mini ya tafi Madina tun makon jiya. Laifinka ne, kai ka kwatanta mini shi har kunnena ya riƙe.

Ban sake tambayarka labarin Marshal ba, na ƙoshi. Wane ne Hadi? Duk danginmu na nan babu mai wannan suna.

Maryama

Damagaram
Yuni, 2014

Ƙanwata Maryama,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, an soma samun ruwa. Allah ya ba Baba sauƙi, ke kuma ya ba ki ladan jinya. Faɗanki ya iso, na karɓa hannu biyu. Kin tambaye ni ciwo na ba ki darasi, halin malamin makaranta ke nan.

Da na kai kan sunan Hadi sai da na ajiye takardar. Wan babana ne. Hadi da Baba Mukhtaru 'ya'yan wa da ƙani ne, rana ɗaya aka ɗebe su soja. A gidanmu ba a ambatonsa, mun dai taso mun ji ya tafi yaƙi bai dawo ba. Na ɗauki sandata na tafi wurin Inna Zainabu, ita ce ƙanwarsa da ta rage. Na karanta mata takardarki. Sannan ta ce tana yarinya, tana laɓe a bayan zana, ranar da Mukhtaru ya dawo. Ya ƙi shiga gida, a zaure ya tsuguna ya gaya wa kakanmu abin da ya faru.

A gindin mashigar nan ce, wadda na cika ki da labarinta. An yi artabu a wani ƙauye, Hadi ya faɗi tare da wasu Musulmi. Aka ja gawawwakin zuwa wani ɗakin ajiye ciyawa. Ƙasa ta daskare ba ta haƙuwa, karnukan ƙauyen kuma yunwa ta haukata su. Mukhtaru ya tsaya a ƙofar da bindigarsa. Can sai ya ji tarin. Mai Tari, lokacin yana janar, ya zo wucewa, ya tsaya ya tambaye shi da Hausa me yake tsaro. Ya gaya masa. Janar ya dafa kafaɗarsa ya ce, “Tsaya nan. Zan aiko a karɓe ka, a binne su yadda kuke yi.” Ya shiga mota ya hau dutsensa.

Ba wanda ya zo. Abin da ya zo kamiyo ne, babbar motar soja, yana bi yana kwashe baƙaƙen soja, don an yanke a mai da su baya a ba samarin Faransa rigunan sanyinsu da bindigoginsu. Mukhtaru ya ce shi yana da umarni, ba zai matsa ba. Wani sarjan ya sa masa gindin bindiga a goshi. Tabon da kika sani ke nan. Ya farfaɗo a bayan kamiyo, ya ce yana jiyo haushin karnuka.

Kakarmu da ta ji, ta ce ita ba ta yarda ɗanta ya mutu ba tunda ba wanda ya ga kabarinsa. Ta hana zaman makoki, ta hana a yi masa salla. Mukhtaru bai kwana a garin ba, ya yi gabas.

Na koma gida na buɗe littafin da na karantar da shi shekara da shekaru. Ranar tana ciki, shafi guda cur, da taswira. Babu ɗakin ciyawa. Ba na zaton mugunta ce, Maryama. Mantawa ya yi, yana da dutsen hawa.

Kin gani, ba Bafaranshe Baba yake bauta wa ba. Gawar ɗan'uwansa yake tsaro, kuma jiran aike yake.

Na je gidan tsofaffin soji, saura mutum ɗaya a cikin na wancan yaƙin, kurma ne sai da na yi ta ɗaga murya. Na tambaye shi yadda ake sauke mai tsaro. Ya ce ba a kiransa daga nesa, ba a jan hannunsa, ko ubansa ne ya kira ba zai zo ba. Wanda zai karɓa shi ke zuwa ya tsaya gabansa, ido cikin ido, ya ce an aiko shi. Mai tsaro ya gaya masa abin da ke bayan ƙofa da abin da aka hana. Sabon ya ce ya karɓa, ya shiga daidai sawun ƙafarsa. Sai a nan tsohon yake da ikon tafiya.

Ranar Juma'ar da ta wuce na tara dangi, liman ya yi wa Hadi sallar ga'ib. An kawo Inna Zainabu a kujera. Namu mun yi. Saura ƙofar, ita kuma tana gidanki.

Yayanki,
Ja'afaru

Zahir, Makka
Ramadan, 1435

Yaya,

Assalamu alaikum, barka da shan ruwa. Allah ya jiƙan Hadi. Na yi kuka da takardarka, na kuma je na sumbaci tabon goshin Baba yana tsaye bai san ina yi ba.

Amma abin da ka ce in yi, ba zan iya ba. So kake ni Maryama, da azumi a bakina, a garin nan, in zama Nasaran da ya yaudari ubana, in yi masa wasan soja? In tsaya gabansa in yi masa ƙarya? Na tambayi wani ɗalibi Bakano da ke karatu nan, ban faɗi sunan kowa ba. Ya ce mai ruɗu ba a biye masa, zikiri ake yawaita masa. Ina yi. Na sa karatu yana tashi a gidan daga safe har yamma. Yana tsaye cikin karatun yana sauraron matakala.

Ya daina cin abinci sai kunu, shi ma a tsaye.

Maryama

Damagaram
Satumba, 2014

Maryama,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Alhazai na shirin tashi, a tsaye nake rubutun nan.

Ba ki fahimce ni ba. Ban ce ki zama Mai Tari ba, shi ya riga ya tafi inda za a tambaye shi. Cewa na yi ki zama wanda ya kamata a aiko. In aike ne, ga shi ni na aike ki, ni da Inna Zainabu, mu ne masu gawar. Kuma ba ƙarya ba ce in har da gaske kika karɓa. Ɗalibin nan ya faɗi abin da ya sani, amma bai san Hadi ba.

Lokaci ba ya hannunki, ƙanwata.

Ja'afaru

Zahir, Makka
Muharram, 1436

Zuwa ga Yaya Ja'afaru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina gaishe da Inna Zainabu. Na san Fahad ya kira ka ya gaya maka rasuwar Baba, na kuma ji gaisuwarku, Allah ya ba da lada. An yi masa salla a Harami cikin dubban alhazai. Abin da Fahad bai gaya maka ba, don bai sani ba, shi zan rubuta.

Ranar Arfa ce. Ka san yadda Makka ke zama a ranar, maza duk sun fita aikin alhazai, matan gari kuma sun tafi Harami tunda ranar ce kawai muke samunsa fili. Fahad yana Muzdalifa wurin motoci. Unguwa ta zama kamar an share ta, daga ni sai Baba a benen. Takardarka tana ƙarƙashin matashina tun zuwanta, ina fushi da ita.

Ranar bai iya tashi ba sai da rarrafe. Ya kai ƙofar, ya bi jikinta ya miƙe. Numfashinsa ya canza, na san irin numfashin, na gan shi wurin mahaifiyata. Na ce masa, Baba, ce la'ilaha illallahu. Ya ɗora yatsa a baki, ya karkata kunne. Nan na san in na bari yau, shi ke nan.

Na yi alwala, na yi bisimilla, na je na tsaya gabansa. Na dube shi cikin ido, abin da ban taɓa yi ba tun ina yarinya, na ce, “An aiko ni in karɓe ka.”

Bai tambayi wanda ya aiko ni ba. Ya yi wata ajiyar zuciya kamar ta fito daga ƙafafunsa. Ya ce, “Kun daɗe.” Sannan ya gaya mini, a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Ya ce Hadi na ciki da 'yan'uwa Musulmi, an rufe su da ciyawa. Kada in bar kare ya matso. Kada in zauna, don wanda ya zauna cikin sanyin nan barci ke ɗauke shi. Kada in matsa ko wa ya kira ni, sai an zo da masu wanka.

Na ce masa an yi wa Hadi salla a Damagaram, Zainabu ma ta je. Ya ce alhamdu lillahi, amma ba a binne su ba.

Na tuna maganarka, cewa ba ƙarya ba ce in da gaske ne. Don haka ban faɗa da baki kawai ba. Na ce, “Na karɓa, Baba.” Ya miƙo mini lemar da hannu biyu. Ya matsa gefe, na shiga sawunsa. Wurin da sanyi, Yaya, tayil ɗin kamar ƙanƙara.

Yana matsawa gwiwoyinsa suka saki, ya zame ya zauna jikin bango. Ya dubi hasken taga ya tambaye ni ko an kira la'asar. Na ce an kira. Ya yi salati, ya ce wane irin barci ya yi haka. Ya buga tafinsa a bango ya yi taimama, ya yi sallarsa a zaune. Fatihar da na zaci ta ɓace masa, ya karanto ta tiryan-tiryan.

Da ya sallame ya kishingiɗa a ƙasa. Na ɗaga ƙafa zan je in tallafi kansa, sai ya zabura, ido waje, yana neman tashi ya koma ƙofar. Na koma da sauri na tsaya. Na sake gwadawa, ya sake zabura. Sai na gane. Ubana yana mutuwa a ƙasa, in na miƙa hannu saura kaɗan in taɓa shi, kuma ba ni da ikon zuwa.

Daga ƙofar na laƙƙana masa. Na ce la'ilaha illallahu. Ya dube ni, ya dubi lemar a kafaɗata, ya ga ina nan. Ya ce la'ilaha illallahu, Muhammadur Rasulullah, garau, har da ɗaga yatsa. Bai ƙara wata magana ba.

Abin da na roƙa ke nan, kuma Allah ya ba ni. Ban riƙe kansa ba, ban ɗiga masa zamzam ba, ban shafe masa ido ba sai da matar Bangalin nan ta dawo daga Harami da magariba ta same ni a tsaye. Ta ce ta yi ta kirana ban amsa ba. Amma ya cika da kalma, kuma da za a sake, haka zan sake yi.

Saura abu ɗaya, kada ka gaya wa Fahad. Ya kwashe tarkacen makzan ya zubar, ya wanke shi, ya bar ƙofar a buɗe don in gani da idona ba komai. Na gani. Na san ba komai. Amma tun ranar ban koma kasa kaya da rana ba. Da an idar da azahar, duk abin da nake yi sai in ga na ajiye shi. In na zauna sai in ji kamar na ci amana. Tarin kuwa ban sake ji ba, kuma wallahi shirun ya fi shi nauyi, don yanzu na san ba mai zuwa ta matakalar nan.

Ka koma wurin tsohon sojan nan tun yana da rai, ka ɗaga murya ka tambayar mini shi. Wanda ya karɓi tsaro da gaske, gawar kuma tana wata ƙasa da ba ya ko iya faɗin sunanta, wa ke zuwa ya karɓe shi?

Ga liman can ya sallame. Bari in ajiye alƙalami, lemar tana jingine tana jirana.

Ƙanwarka,
Maryama Mukhtaru